Ranar Da Gwaggo Ta Tashi A Kan Lokaci

Kyaftin yana zaune a kujerar aski, rabin gemunsa a aske rabi da kumfa, sai Spana ya faɗo shagon ko sallama babu, ya ce an sayar da Gwaggo.

Gwaggo jirgin sama ce. Ita ce ta ƙarshe da ta rage daga jiragen kamfanin da Kyaftin ya yi wa tuƙi har furfura ta fito masa, Spana kuma ya yi wa gyara har ƙarar inji ta cinye masa kunne ɗaya. Tun da kamfanin ya durƙushe take tsaye a ƙarshen tsohon filin jirgi, ciyawa ta kai mata ciki, domin an gina sabon fili can nesa da gari an manta da wannan. Ma'aikata sun sa mata Gwaggo ne saboda ba ta tashi sai ta yi tari, ta yi mita, an lallashe ta.

"Wa ya saya?" in ji Kyaftin.

"Mai Ƙarfe. A kilo ya saye ta, Yallaɓai. Tukwane zai yi da ita."

Kyaftin ya miƙe, ya fizge zanen aski daga wuyansa, ya fita da kumfar a fuska. Mai aski ya biyo shi har bakin titi da reza a hannu yana cewa a bari ya ƙarasa, ba wanda ya waiwaye shi.

Duk wanda ya yi tafiya a wancan zamani ya san kamfanin nan, ko da yake mutane ƙalilan ke tuna sunansa na gaskiya. Sai Gobe ake ce masa. Mutum zai yi bankwana da iyalinsa da safe, a yi koke-koke, da yamma ya dawo gida da akwatinsa a ci abinci da shi. Jiragen farare ne da layi shuɗi, da hoton tsattsewa a wutsiya. Kujerunsu masu faɗi ne kamar na falon attajiri, shayinsu da zafi, kazarsu da nama a jikinta, matuƙansu kuma ba su taɓa kayar da kowa ba. Tashi a kan lokaci ne kawai Allah bai hore musu ba. Wata rana inji, wata rana mai, amma galibi wani babban mutum ne da bai gama karyawa ba, a ce a jira shi, jirgi cike da mutane suna fifita da jarida.

Kafin la'asar Kyaftin ya tattara sauran. Ya ɗauko Madam Shayi, tsohuwar shugabar masu hidima a cikin jirgi, wadda yanzu take da shagon ɗinki, kuma har yau in za ta nuna wa mutum hanyar banɗaki da hannu biyu take nunawa. Ya ɗauko Tikiti, wanda ya shekara da shekaru a bayan kanta yana sayar da kujeru, yanzu yana sayar da katin waya a ƙarƙashin lema. Su huɗu suka cusa kansu a tsohuwar motar Kyaftin suka nufi wurin Mai Ƙarfe.

Sun same shi a tsakiyar tsakar gidan ƙarafansa, zaune a kan kujerar da aka ciro daga wata motar bas, gawarwakin firji da injinan ɗinki tuli-tuli a bayansa. Mutum ne ƙato mai fara'a, irin fara'ar wanda bai taɓa faɗuwa a ciniki ba. Ya saurare su har ƙarshe. Kyaftin ya ba shi labarin ranar da Gwaggo ta sauka da inji ɗaya cikin hadari ba tare da shayin kowa ya zube ba. Madam Shayi ta ce mata biyu sun haihu a cikinta, ita ta karɓi haihuwar duka. Mai Ƙarfe ya jinjina kai, ya ce wallahi labari mai daɗi, sannan ya tambayi Spana ko fikafikan nan goran ruwa ne zalla, wato alminiyam, ko da gauraye.

Madam Shayi ce ta kawo dabarar. Ta ce rabin mutanen garin nan ba su taɓa shiga jirgi ba, ɗaya rabin kuma sun shiga wannan ɗin suna kewarsa. A mayar da Gwaggo wurin cin abinci, mutum ya yanki tikiti, ya hau, a ɗaura masa bel, a ba shi shinkafa da kaza a faranti mai ɗakuna, ya sauka yana jin ya je wani wuri. Tukunya sau ɗaya ake sayar da ita, in ji ta, amma kujera kullum ake sayarwa.

Wannan ta shige shi. Ya kalli rana, ya kalli Madam Shayi, ya ce to, ya ba su Asabar mai zuwa. Zai zo da kansa ya zauna ya ci. In abin ya burge shi, Gwaggo ta tsira. In bai burge shi ba, Litinin masu yankan ƙarfe za su shiga da tulunan gas ɗinsu.

"Ƙarfe sha biyun rana jirgi zai tashi, Alhaji," in ji Kyaftin.

Mai Ƙarfe ya yi dariya har kujerar bas ɗin na girgiza. Ya ce ai ya san sha biyunsu.

Kyaftin bai yi dariya ba. A kan hanyar komawa, da suka kai gidan mai ya kashe mota ya juyo ya ce musu shi fa a duk rayuwarsa ta aiki bai taɓa rufe ƙofar jirgi a lokacin da aka rubuta a tikiti ba, ko sau ɗaya. Jikokinsa har wasa suke da shi a kan haka, in ya ce gani nan zuwa sai su ce a dafa abincin gobe da shi. Wannan karon babu inji da zai lalace, babu mai da zai ƙare, babu hasumiya da za ta ce a dakata. Saboda haka sha biyu tana bugawa zai rufe ƙofa.

Madam Shayi ta ce ya dai rufe bayan mai jirgi ya shiga. Kyaftin ya ce ai ya gaya masa lokaci.

Aikin gyara ya ci su mako guda cur. Da suka buɗe ƙofar farko, zirnako ne suka fara yi musu maraba, Tikiti ya kwana biyu ido ɗaya a rufe. A ɗaya daga cikin akwatunan kaya na sama suka tarar da kaza kwance kan ƙwai, ba wanda ya san ta inda take shiga, mai gadin filin kuma ya rantse ba tasa ba ce har sai da Spana ya ce to za a soya ta. Madam Shayi ta kwaso 'yan matan shagonta suka wanke labule, suka ɗinke kujerun da ɓeraye suka yi wa ɓarna. Spana ya tono tsohon tsanin hawa mai taya daga bayan rumfar kaya, ya shafa masa mai, ya aro janareta a wurin Mai Ƙarfe ya cire masa salansa ya ajiye a ƙarƙashin fiffike, don ya ba fankoki wuta kuma ya yi ƙarar inji, aiki biyu a kuɗin mai ɗaya. Tsattsewar wutsiya ta koɗe har ta koma kamar kazar da ruwa ya doka, wani mai fenti ya sabunta ta, ta fito da ƙiba kaɗan, amma aka bar ta haka.

Kayan aiki ne suka fi ba da wahala. Rigar Kyaftin ta ƙi haɗuwa a ciki, sai da Madam Shayi ta ƙara mata ƙyalle a baya inda ba a gani, ta kuma gargaɗe shi kada ya yi atishawa. Hular ce kaɗai ta zauna daidai kamar jiya aka cire ta. Da ya tsaya gaban madubi matarsa ta leƙo daga ɗakin girki, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ashe dai ba ta yi wauta ba a wancan lokacin, ta koma kan tukunyarta.

Shi kuwa Tikiti ya buga tikiti masu layi shuɗi irin na da, ya kafa tebur a bakin kasuwa. Ya yi aikinsa yadda aka koya masa tun yana saurayi. A kamfanin nan ba a taɓa sayar da tikiti daidai da yawan kujeru ba, domin cikin mutum uku ɗaya ba ya zuwa, ya san jirgin ba zai tashi ba. Saboda haka Tikiti ya sayar da kujerun Gwaggo, ya sake sayar da su, ya ƙara da 'yan kai saboda tsaro. Bai gaya wa kowa ba, don a ganinsa ba labari ba ne. Lambar kujera kuma bai rubuta ba, tunda a da ma ba a rubutawa.

Ranar Asabar tun da hantsi tsohon ɗakin jira ya cika ya tumbatsa. Ba wanda ya fasa zuwa. Ga tsofaffin 'yan kasuwa da suka yi safara da Gwaggo, ga malaman makaranta masu ritaya da aka taɓa turawa kwas a cikinta, ga matan da suka zo da jikoki don su nuna musu inda aka zauna lokacin duniya na kwance. Wasu har da akwati suka zo, ko da yake an gaya musu ba inda za a je. Wata tsohuwa ta zo da tabarma da filas, ta ce ita ta san kamfanin nan, ba za a yi mata sakiyar da ba ruwa ba.

Madam Shayi ta leƙo ta ga taron, ta nemo Tikiti ta tambaye shi mutum nawa ya sayar wa. Ya ce kamar yadda aka saba. Ta dafe kai, ta ce Allah ya isa tsakaninta da kamar yadda aka saba.

Da aka buɗe ƙofar ɗakin jira, ba sai an yi wa tsofaffin fasinjoji bayani ba. Jikinsu ya tuna. A zamanin Sai Gobe wanda ya riga isa jirgi shi ke da kujera, don haka gudu ake yi daga ƙofa zuwa gindin tsani. Nan take dattawa masu ciwon gwiwa suka tattare riguna suka zuba a guje a kan kwalta. Wani tsohon alƙali ya jefar da sandarsa ya wuce surukinsa kamar bai san shi ba. Wata hajiya ta cire takalma ta riƙe a hannu, ta ɗora jaka a ka, tana ce wa jikanta ya bi ta ko ta bar shi. Matasan da ba su san tsarin ba suka tsaya suna dariya suna ɗaukar hoto da waya, kafin su ankara an cika jirgi, su da sauran mutane masu yawa suna ƙasa da tikiti a hannu.

Madam Shayi ta keɓe kujera ɗaya a gaba saboda Mai Ƙarfe, ta ɗora mata takarda. Kafin ta juya tsohon alƙalin nan ya zauna a kai, ya ɗaura bel, ya ninke takardar yana fifita da ita. Ta ce masa ta mai jirgi ce. Ya ce mai jirgi ya iya gudu kamar kowa.

Sha biyu saura kaɗan, Mai Ƙarfe bai iso ba. Madam Shayi ta kira wayarsa, ya ce ga shi nan a hanya, ta kuma ji ƙarar cokali a faranti a bayan muryarsa. Ta shiga wurin matuƙi ta tarar da Kyaftin zaune a kujerar hagu, hula a kai, hannu ɗaya a kan sitiyari, idonsa a kan agogon hannunsa. Ta ce masa, yaya, a yi haƙuri a ɗan ƙara masa. Ba ta taɓa kiransa yaya a cikin jirgi ba sai ranar. Ta tuna masa cewa wannan mutumin ba fasinja ba ne, shi ne mai wuƙa da nama, kuma in aka ɓata masa rai Litinin za su zo su tarar da Gwaggo a gutsuttsure.

Kyaftin ya ce ya sani. Ya ce duk manyan da ya jira a rayuwarsa haka ake gaya masa a kansu, kowannensu shi ne mai wuƙa da nama, kuma jiransu ne ya kashe kamfanin. Sha biyu ta cika. Ya ɗauki makirfo ya ce a rufe ƙofa.

Shekarun da ta yi tana aiki sun fi ƙarfin hankalinta. Kafin ta gama tunanin yin gardama hannunta ya riga ya ja ƙofar ya murɗa marikin. A ƙasa Spana, sanye da riga ruwan lemo mai ƙyalli, ya tura tsani gefe, ya zare katakan da ke tare tayoyi, ya ja igiyar janareta. Ƙara ta tashi, fankoki suka fara juyawa, jikin Gwaggo ya ɗauki rawa kaɗan kamar da gaske.

A cikin jirgi mutane suka dubi juna. Tsohon alƙali ya kalli agogonsa, ya kai shi kunne, ya tambayi na kusa da shi ƙarfe nawa. Labari ya bi layi-layi har baya cewa sha biyu ce daidai. Sai tafi ya ɓarke. Hajiyar nan mai takalma a hannu ta share ido da gefen mayafi, ta ce ina ma mijinta na raye ya ga wannan rana, shi da ya kwana uku a ɗakin jiran can da buhun kayan shago.

Madam Shayi ta tsaya a gaba ta nuna yadda ake ɗaura bel da inda ƙofofin gaggawa suke, 'yan matan shagonta suka raba alewa saboda toshewar kunne. Kyaftin ya sanar cewa sun kai tsayin da ake so, sararin sama garau, ana iya kawo abinci. Mutane suna leƙen taga suna kallon ciyawa da akuyar mai gadi, wani yana nuna wa jikansa yana cewa duba yadda komai ya zama ƙarami.

Daidai lokacin da aka fara raba kaza, baƙar motar Mai Ƙarfe ta shigo filin. Ba shi kaɗai ba ne. Ya taho da matarsa da surukinsa da wasu abokan ciniki biyu da ya yi wa alkawarin za su ci abinci a cikin jirginsa. Ya fito yana gyara babbar riga, ya nufi jirgi, sai Spana ya sha gabansa da sandunan nan biyu na yi wa jirgi jagora, ya haɗa su a gicciye. Ya ce ba a matsawa kusa da jirgi in inji na aiki.

Mai Ƙarfe ya ce wane inji, janareta ne wannan, shi ya ba da aronsa. Spana ya juyo masa da kunnen da ba ya ji.

Da ya ga ba ci gaba, Mai Ƙarfe ya zagaya ta gaban jirgi ya ɗaga kai yana ɗaga wa tagar matuƙi hannu. Kyaftin ya zuge ƙaramar tagar gefe ya leƙo.

"Kyaftin, a kawo tsani."

"Jirgi ya tashi, ranka ya daɗe."

"Ya tashi ina? Ga ka nan ina kallon ka."

"Muna sama. Sai mun sauka."

"Jirgina ne fa."

"Naka ne, Alhaji. Amma ka makara."

Ya zuge tagar ya rufe. Surukin Mai Ƙarfe ya juya baya yana tari irin na mai ɓoye dariya. Matarsa ta ce ai ta gaya masa ya bar abincin nan su taho. Ɗaya daga cikin abokan cinikin ya tambaya a hankali ko dai bai gama biyan kuɗin jirgin ba ne.

Wannan tambayar ce ta ƙarasa shi. Ya zaro waya ya kira masu yankan ƙarfe, ya ce ba sai Litinin ba, su taho yanzu da gas ɗinsu da komai. Spana, wanda kunnensa ya warke nan take, ya ruga ƙarƙashin taga ya yi wa Kyaftin alama da hannu a wuya. Madam Shayi ta gani, ta ajiye butar shayi ta sake shiga wurin matuƙi. Ta ce ya ji daɗi, ya tashi a kan lokaci, yanzu ya sauka. Kyaftin ya yi gumi har ƙyallen bayan rigarsa ya jiƙe. Ya kalli allon agogunan da ba ɗaya mai motsi, ya kalli hannunsa a kan sitiyari. Ya ce tafiyar awa ɗaya aka sayar wa mutane, ba zai sauke su a daji ba.

A ƙasa kuwa wani abu ya fara faruwa da ba wanda ya tsara. Mutanen da aka bari da tikiti a hannu ba su tafi gida ba, domin fasinjan Sai Gobe ba ya tafiya gida, manaja yake nema. Suka duba suka ga mutum ƙato da babbar riga tsaye kusa da jirgi yana ba da umarni a waya. Suka yi masa ca.

Kafin ya ce wani abu sun kewaye shi, kowa na tura masa tikiti a hanci. Wani ya ce tun safe yake nan da 'ya'ya biyar. Wata ta ce ita daga wani gari ta taho, ta rufe shagonta saboda wannan tafiya. Wani dattijo ya riƙe masa hannun riga ya ce shekara da shekaru yana neman manajan kamfanin nan a kan akwatinsa da ya ɓata, yau Allah ya haɗa su. Mai Ƙarfe ya ce shi ba manaja ba ne, shi ne mai jirgin. Aka ce to ai gara haka. Tsohuwar nan mai tabarma ta shimfiɗa ta daidai gaban motarsa, ta zauna, ta buɗe filas, ta ce ba mai fita daga filin nan sai an faɗi lokacin jirgi na gaba.

Ya nemi Tikiti, aka ce ya shiga banɗaki ya kulle, wanda shi ma tsohon tsarin aiki ne. Ya nemi surukinsa, ya hango shi can yana sayen tikiti a hannun wani matashi da ya gaji da jira. Rana ta take, hularsa ta karkace, wani yaro ya goge hannun alewa a rigarsa. Da ya ga za a yaga masa aljihu, sai ya hau kan matakin farko na tsani ya ɗaga hannu biyu, ya ce a saurara, akwai jirgi na biyu da zarar wannan ya sauka.

Aka tambaye shi wanda bai samu na biyun ba fa. Ya ce akwai na uku. Aka yi masa tafi, wata ta yi guɗa, dattijon akwati ya sake shi ya ce wannan manajan ya fi na da. Masu tikiti suka koma ɗakin jira, tsohuwar ta naɗe tabarmarta ta bi su. Daga kan tsanin ya ga abin da bai gani ba yana ƙasa: layin mutane ya miƙe har bakin ƙofar fili, wasu sababbi na shigowa a kan babura suna tambayar inda ake yankar tikiti, masu sayar da ruwan sanyi da lemo har sun kafa tebur. Ya daɗe yana kallo. Fuskarsa ta fara komawa irin ta ranar da suka same shi a kujerar bas.

Masu yankan ƙarfe suka iso a bayan wata akori-kura, su uku, da tulunan gas da tabarau baƙaƙe a goshi. Babbansu ya tambaya ta ina za a fara, fiffike ko wutsiya. Mai Ƙarfe ya ce su dakata.

Awa ɗaya na cika Kyaftin ya sanar da sauka, ya gode wa fasinjoji da suka zaɓi wannan kamfani, Spana ya kashe janareta ya turo tsani. Mutane suka sauko suna miƙa, suna cewa tafiya ta yi daɗi ba gargada ko kaɗan. Tsohon alƙali ya tsaya a ƙofa ya ce a gaya wa matuƙi saukar nan ko ƙwai ba zai fashe ba. Bayan fasinjoji sun ƙare Kyaftin ya fito, hula a hammata. Ya sauko a hankali, ya ga tulunan gas, ya ga mutum uku masu tabarau. Madam Shayi tana bayansa, ta ƙi kallon kowa.

Mai Ƙarfe ya tsaya a gabansa, riga a yamutse, murya a dishe.

"Ka kunyata ni gaban surukina, Kyaftin."

"Na sani, Alhaji."

"Da za a sake, za ka jira ni?"

Madam Shayi ta taka masa ƙafa ta baya. Kyaftin ya kalli Gwaggo tun daga hanci har tsattsewar nan mai ƙiba. Ya ce gaskiya ba zai jira ba.

Mai Ƙarfe ya gyaɗa kai, ya ce shi ma haka ya zata. Ya juya wajen masu tabarau ya tambaye su ko sun taho da kayan walda. Suka ce suna mota. Ya ce to su ɗauko, su liƙe tsanin nan a jikin ƙofar jirgi, liƙewar da ko giwa ba za ta raba su ba, su kuma cire wa tsanin tayoyinsa. Jirgi ya zauna, ba za a yanka ba. Kyaftin ya ci gaba da zama a kujerarsa, ya yi sanarwarsa, ya tashi duk lokacin da ya ga dama, amma daga yau duk wanda ya makara zai hau ya same su a sama, musamman mai jirgi.

Spana ya ce wannan ya saɓa wa ƙa'idar aiki, jirgi ba ya tashi da tsani a jikinsa. Madam Shayi ta ce ya rufe mata baki ya je ya fito da Tikiti daga banɗaki, akwai mutane na jira.

Kyaftin ya koma gefe inda fiffike ya yi inuwa, ya tsaya yana kallon tartsatsin walda na zuba a kan kwalta. Aka gama gefe ɗaya aka koma ɗayan. Da ƙarfen ya huce, Mai Ƙarfe ya taka tsanin da ƙarfi ya ji ko motsi ba ya yi, ya kira matarsa da baƙinsa su hau tun kafin a saki mutane. Amma wani ya riga ya buɗe ƙofar ɗakin jira. Ya waiwaya ya ga taron ya taso a guje, tsohuwar tabarma a gaba, sai ya tattare babbar riga ya haye da sauri yana taka matakala bibbiyu, ya bar surukinsa a ƙasa.

Kyaftin ya sa hularsa, ya jira turmutsutsun ya lafa, ya bi bayansu.